Tsutsar Pompeyi: halittar da ke zaune a bakin murhun ƙarƙashin teku

Jama'a masu karatu, musamman ƴan kasuwa maza da mata, kowa daga cikinku ya san cewa kayan da ba su da suna ba su da ciniki. In aka kawo wani sabon atamfa ko wani sabon irin wake kasuwar Maraɗi ko ta Dole a Damagaram, kafin a tambayi kuɗinsa sai an tambayi sunansa da inda ya fito. To, haka abin yake a wajen masanan halittu. Yau za mu kawo muku labarin wata tsutsa da ba ta wuce tsawon tafin hannu ba, wadda ke zaune a zurfin mita 2,500 cikin tekun Fasifik, inda rana ba ta taɓa leƙawa ba. Sunanta na ilimi Alvinella pompejana, amma an fi saninta da tsutsar Pompeyi. Wanda ya fahimci wannan suna ya san yadda aka gano ta, ya san irin gidan da take zaune, kuma zai gane dalilin da ya sa ƙasar da ba ta da ko taƙi ɗaya na bakin teku, kamar Nijar, take da ta cewa a kan ƙasan teku.

Wace irin halitta ce

Tsutsar Pompeyi dangin tana ce, wadda muke gani cikin damshin ƙasa da damina, kuma dangin matsattsaku ce da ke cikin tafkuna. Dukkansu jikinsu gaɓa-gaɓa ne, kamar an jera zobba. Bambancin shi ne reshen da wannan tsutsa ta fito na cikin teku ne, kuma a gefen gaɓoɓin jikinsu akwai ƙananan gasu masu tauri da suke kama wuri da su, suna tafiya da su. Masana suna kiran wannan reshe Polychaeta, kalmar Girkanci ce da ke nufin masu yawan gashi, kuma an san ire-irensu fiye da 10,000 a tekunan duniya.

Ita wannan da muke magana a kai, tsawonta kan kai santimita 13. Launin jikinta toka-toka ne. A kanta akwai wasu jajayen rassa guda takwas masu kama da tuntu, da su take shaƙar iska daga cikin ruwa, kuma jan nan na jini ne. Ba ta yawo a fili. Tana fitar da wani abu daga jikinta ta gina bututu mai kama da takarda mai kauri, ta manna shi a jikin dutse, ta shige ciki ta bar kanta a waje. Dubbai ne ke ginawa a wuri ɗaya, bututu kan bututu, har wurin ya yi kama da saƙar zuma.

Abin da ya fi ba masana mamaki shi ne bayanta. A can akwai wani farin abu kamar bargon ulu, wanda kaurinsa kan kai santimita ɗaya. Da aka duba da madubin ƙara girma, sai aka tarar ba gashinta ba ne, tarin ƙwayoyin bakteriya ne masu rai da suka yi zare-zare. Tsutsar tana fitar da wani yauƙi daga fatarta wanda suke ci, su kuma suna zaune a kanta har mutuwarta.

Yadda aka raɗa mata suna

A wajenmu, suna yakan faɗi labarin haihuwa. Da ka ji Ladi ko Talatu ka san ranar da aka haife ta, da ka ji Damana ka san lokacin, da ka ji Ɗan Tawa ka san garin. Masanan halittu su ma suna da tasu ƙa'ida, wadda wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Karl Linne ya kafa. Ga dabbobi, ana lissafin farkonta daga littafinsa na shekarar 1758. Kowace halitta tana da suna biyu cikin Latinanci: na farko na gidan da ta fito, na biyu nata na kanta. Da wannan ne Bafaranshe da Bajapane da Bahaushe za su yi magana kan dabba ɗaya ba tare da an yi musu ba.

Waɗanda suka yi wa wannan tsutsa suna Faransawa ne guda biyu, Daniel Desbruyères da Lucien Laubier, masu bincike a cibiyar nazarin teku da ke Brest, a shekarar 1980.

Sunan farko, Alvinella, daga wani ƙaramin jirgin nutso ne na Amurka mai suna Alvin. An fara aiki da shi a 1964, mallakar sojan ruwan Amurka ne, amma cibiyar bincike ta Woods Hole ce ke tafiyar da shi. Mutum uku kawai yake ɗauka, matuƙi ɗaya da masana biyu, a takure cikin wani dunƙulen ƙarfe. Shi ma jirgin ya ci sunan wani masani ne, Allyn Vine, wanda ya dage sai an ƙera shi. Wannan jirgi ne ya sauka inda tsutsar take, aka ɗebo ta da hannunsa na ƙarfe aka kawo sama. Kenan ta ci sunan abin hawan da ya kai mutane gidanta.

Suna na biyu, pompejana, daga wani tsohon birni ne na ƙasar Italiya mai suna Pompeyi. A shekara ta 79 bayan haihuwar Annabi Isa, dutsen Besubiyus mai aman wuta ya fashe, toka da tsakuwa suka yi ta zuba har suka binne birnin da mutanen da ba su samu gudu ba. Masanan da suka ga inda tsutsar ke zaune sun lura cewa dare da rana wani baƙin gari na ma'adinai yana zubo wa bututunta kamar toka. Shi ya sa suka tuna da wancan birni. Sai dai mutanen Pompeyi rana ɗaya tokar ta halaka su, ita kuwa cikinta take haihuwa.

Raɗa wa halitta suna ba ya ƙarewa da faɗa da baki. Dole a rubuta kamanninta dalla-dalla, a zana ta, a buga, sannan a ajiye guda ɗaya a gidan adana kayan ilimi. Wannan guda ɗayan tamkar tiyar da kasuwa ta yarda da ita ce: duk wanda ya samo wata tsutsa yana shakka, sai ya zo ya gwada da ita. Amfanin haka ya fito a 1986, lokacin da masanan nan biyu suka tabbatar cewa wasu tsutsotsin da ke zaune tare da ita, waɗanda da farko aka ɗauka ita ce a wani mataki na girmanta, wani iri ne daban. Suka ba su suna Alvinella caudata, kuma suka ware wa dangin gaba ɗaya gida na kansa, Alvinellidae.

Gida a jikin bututun hayaƙi

Wanda ya taɓa zuwa Tafadek, arewa da Agadas, ya ga ruwan zafi yana ɓulɓulowa daga ƙasa ba tare da kowa ya hura wuta ba. Irin wannan yana faruwa a ƙasan teku, amma da ƙarfin da ya wuce misali.

A gabashin tekun Fasifik akwai wani dogon tudu a ƙarƙashin ruwa, inda manyan faifan ƙasa biyu ke rabuwa da juna. A wasu wurare rabuwar ta wuce santimita 10 a shekara. Narkakken dutse yana kusa sosai a wurin. Ruwan teku mai sanyi yakan bi tsagogi ya gangara, ya yi zafi, ya narko ƙarfe da tagulla da tutiya da farar wuta daga cikin duwatsu, sannan ya taso da ƙarfi. Yana fitowa da zafin da ya kai digiri 350, sai ya haɗu da ruwan da bai wuce digiri 2 ba. Nan take ma'adinan ke daskarewa su zama baƙin gari mai kama da hayaƙi. Wani ɓangare na garin yana taruwa a bakin ramin, a hankali ya gina bututu mai tsawon mitoci da yawa. A jikin wannan bututu tsutsar Pompeyi ke manna gidanta.

Mai dafa abinci za ta tambaya: ruwa yana tafasa a digiri 100, ta yaya zai kai 350 bai zama tururi ba? Amsar ita ce nauyin ruwan da ke sama. A zurfin mita 2,500, kowane wuri mai faɗin farcen yatsa yana ɗauke da nauyin kusan kilo 250, wato kamar a ɗora buhun shinkafa mai kilo 50 guda biyar a kan farce ɗaya. Wannan danniya ce ke hana ruwan tafasa.

Kafin 1977 babu wanda ya taɓa ganin irin wannan wuri. A shekarar ne Alvin ya sauka kusa da tsibiran Galapagos na ƙasar Ekwado, ya tarar da maɓuɓɓugan ruwan ɗumi cike da halittu. A 1979 kuma, kusa da gaɓar Meziko, aka ga bututun baƙin hayaƙi na farko. Abin ya girgiza masana, domin a da an ɗauka duk abinci daga rana yake farawa: rana ta raya ciyawa, akuya ta ci ciyawa, mutum ya ci akuya. A can ƙasa babu rana, babu ciyawa. Ƙwayoyin bakteriya ne ke samun ƙarfi daga iskar farar wuta, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, su haɗa abinci da ita. Su ne gonar wurin. Tsutsar Pompeyi tana miƙo wasu siraran zaruruwa daga bakinta tana kalato su tana ci.

Gardama kan zafi

Shekaru da dama ana kiran wannan tsutsa gwanar jure zafi a cikin dabbobi. A 1998 wani masanin Amurka, Craig Cary, da abokan aikinsa suka zura ma'aunin zafi cikin bututunta. Suka ba da rahoton cewa can ciki wajen wutsiya zafin yakan kai digiri 80, alhali a bakin bututun inda kanta yake bai wuce digiri 22 ba. Wato dabba ɗaya, wutsiya cikin ruwan shayi, kai cikin ruwan randa.

Wasu masanan ba su gamsu ba. Suka ce auna zafin ɗaki daban, auna zafin jikin mai ɗakin daban. Matsalar ita ce ba a iya kawo tsutsar sama da rai, domin da zarar nauyin ruwa ya ragu sai ta mutu. Sai da Faransawa suka ƙera wata tukunyar ƙarfe da ake rufewa tun a can ƙasa, ta riƙe danniyar har cikin jirgi. A 2013 Juliette Ravaux da abokan aikinta na Paris suka buga sakamakon gwajinsu: tsutsotsin da aka ajiye awa biyu cikin ruwa mai digiri 50 zuwa 55 sun mutu, waɗanda aka ajiye a digiri 42 kuwa sun rayu lafiya lau.

Duk da haka ba ta faɗi ƙasa ba. Digiri 42 shi ne zafin da ke korar mutane daga rumfa da azahar a watan Afrilu, kuma mu muna da zufa da inuwa da ruwan sha. Ita cikin ruwan take tsamo-tsamo, ga guba, ga ƙarancin iska, kuma a nan ta fi jin daɗi. Har yanzu tana cikin dabbobin da suka fi kowa jure zafi. An kuma lura tana yawan shiga da fita cikin bututunta, abin da ke jawo ruwan sanyi ciki ya sirka mata na zafi.

Inda ake samunta

Duk faɗin duniya, a kan tudun nan na gabashin Fasifik kaɗai aka san tsutsar Pompeyi. Iyakarta ta arewa tana kusa da bakin mashigin Kalifoniya na ƙasar Meziko, ta kudu kuma ta wuce tsibirin Ista na ƙasar Chili. Tsakanin iyakokin biyu akwai fiye da kilomita 5,000. Ɗaya daga cikin wuraren da Faransawa suka fi yin bincike ana kiransa digiri 13 arewa, kuma wanda ya duba taswira zai ga kusan layi ɗaya yake da Maraɗi da Yamai, sai dai yana can ɗaya gefen duniya.

Babu ita a tekun Atlantika. A can ma akwai bututun hayaƙi, amma wasu ƙananan jatan lande ne suka fi yawa a jikinsu. Saboda haka masu sayar da kifin firigo da ke shigo mana ta tashoshin jiragen ruwa na gaɓar Afirka ta Yamma su kwantar da hankalinsu: wannan tsutsa ba ta shiga cikin kifi, ba ta ma zaune a tekun da ya fi kusa da mu.

Kilomita 5,000 ɗin nan ba a cike suke da ita ba. Wuraren zamanta tsilli-tsilli ne, kamar rijiyoyi a hanyar ayarin gishiri daga Agadas zuwa Bilma: ɗan wuri mai rai, sai doguwar tafiya babu komai, sai wani ɗan wuri. Kuma rijiyoyin nata ba sa daɗewa. Bututu kan toshe ya mutu, ko dutse ya yi amai ya share komai. A watan Afrilun 1991 masu nutso da Alvin suka isa wani wuri da ke kusa da digiri 10 arewa jim kaɗan bayan aman wuta, suka tarar da halittu a ƙone cikin sabon dutse. Wurin ya sake amai tsakanin 2005 da 2006, sannan a 2025. Bayan aman 1991 da na 2006, cikin ƴan shekaru halittu suka sake cika wurin, kuma tsutsar Pompeyi tana cikin masu fara kama wuri a jikin sabon bututu.

To daga ina suke zuwa, tunda babbar ba ta barin gidanta? A 2001 Florence Pradillon da abokan aikinta suka gano wani ɓangare na amsar. Sun raini ƙwayayen tsutsar a ƙarƙashin danniya, suka ga a digiri 20 suna mutuwa, a digiri 10 suna girma, a digiri 2 kuwa girman yana tsayawa cak amma ba sa mutuwa. Ma'ana ɗan tsutsar ba zai iya zama a ɗakin uwarsa ba. Ruwa ne ke ɗaukarsa cikin sanyi yana kamar mai barci, tamkar irin gero a rumbu da rani, har ya dace da wuri mai ɗumi ya ci gaba da girma. Duk da haka tafiyar tana da shinge. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa na arewa da na kudu sun daɗe da rabuwa, kuma iyakar tana wajajen layin da ya raba duniya biyu.

Me ya shafe mu

Bututun da tsutsar ke zaune a jikinsa dukiya ce. Tagulla ce da tutiya, wani lokaci har da zinariya da azurfa, a tare wuri ɗaya. Ido ya riga ya kai kansu. A 2017 Japan ta gwada haƙo irin wannan ma'adini kusa da Okinawa. Wani kamfanin Kanada mai suna Nautilus Minerals ya samu izinin haƙa a ruwan ƙasar Papuwa Niyu Gini, amma ya karye a 2019 kafin ya fara. A shekarar ce kuma aka saka wani dodon koɗi na maɓuɓɓugan tekun Indiya cikin jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa, saboda barazanar haƙar ma'adinai. Izinin binciken irin wannan ma'adini da aka bayar a ruwan da ba na kowa ba yana tekun Atlantika ne da na Indiya. Amma darasin ɗaya ne: halittar da rayuwarta ta dogara ga tsalle daga rijiya zuwa rijiya, in aka cike mata biyu ko uku a tsakiya, ayarin ya yanke.

Ita kanta tsutsar tana da abin da ake nema. A 2014 masu bincike a jami'ar Lille ta Faransa suka bayyana wani sinadari daga jikinta, suka kira shi alvinellacin, wanda ke kashe wasu ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji. Da shi take zaɓen bakteriyar da za ta bari a bayanta. Masana suna kuma nazarin sinadaran jikinta don sanin abin da ke hana su lalacewa cikin zafi.

Nan ne maganar ta iso gida. Yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka sa wa hannu a 1982, ta ce ƙasan tekun da ke wajen iyakar kowace ƙasa, da ma'adinan da ke cikinsa, gādon ƴan Adam ne baki ɗaya, masu bakin teku da marasa shi. An kafa hukuma a Kingston ta ƙasar Jamaika a 1994 don kula da wannan gādo, kuma ita ke ba da izini. Nijar ta amince da yarjejeniyar a 2013, saboda haka tana da kujera a babban taron hukumar kamar yadda Faransa da Japan ke da ita. A 2023 aka ƙulla wata sabuwar yarjejeniya kan halittun tekun da ba na kowa ba, wadda ta tanadi raba amfanin da aka samu daga sinadaran jikinsu, kuma a watan Satumbar 2025 adadin ƙasashen da suka amince da ita ya cika 60 da ake bukata don ta fara aiki.

Kowane ɗan kasuwa ya san cewa ranar rabon gādo, abin da aka rubuta a takarda shi ake lissafawa. Abin da ba a san sunansa ba, ko ya ɓace babu mai cigiya. Tsutsar Pompeyi ta samu suna tun 1980, an san gidanta, an san iyakarta, don haka duk wanda zai taɓa wurin dole ya yi bayani a kanta. A ƙasan teku akwai halittu masu ɗimbin yawa da har yau ba a yi musu suna ba, kuma masu neman ma'adinai sun fi masu raɗa suna sauri. Shi ya sa ya kamata mu riƙa tambayar wakilanmu abin da suke faɗa in an zauna a Kingston, domin mai rabo a cikin kaya ba ya barin a yi ciniki a bayan idonsa.